Kumatun Auta

An yi wata mai ɗinki, mace mai hannu, sai dai Allah Ya yi ta ba ta iya haɗiye gori. A yaɓa mata magana da safe, yini za ta yi tana tauna ta.

'Yarta Auta siririya ce, amma lafiyarta ƙalau, kullum tana tsalle cikin ƙyallaye a gindin keken ɗinki. To, duk ranar da yayar mijinta, wadda yara ke kira Gwaggo, ta leƙo shagon, sai ta ɗaga hannun yarinyar ta ce, "Oh ni! Wannan sillen karan, anya kina ba ta abinci kuwa?"

Maganar ta ci wa mai ɗinki rai. Wata mai kawo mata ɗinki ta raɗa mata labarin wasu ƙananan ƙwayoyin ƙiba. Ba tambaya ba shawara, ta fara murƙushe su a shayin Auta. Kafin ka ce kwabo kumatu sun fito, har sai da ta buɗa wa yarinyar riguna. Gwaggo ta ce, "Yauwa, yanzu na ga 'yar ƙanina!" Ranar bakin mai ɗinki har kunne.

Ana nan sai wani farin abu ya fito a harshen Auta kamar guntun madara. Uwar ta goge da ƙyalle, wurin ya yi ja, washegari ya dawo. Dole ta kai ta asibiti.

Likita ya duba ya ce, "Wata ƙwayar cuta ce dangin yis, irin wanda ake sa wa burodi. Tana bakin kowa, har ni da ke, amma fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, suna tsare da ita. Da ta fara yaɗuwa sai su taru su cinye ta. Ba ta samun sake sai an raunana su. Akwai maganin da kike ba ta a gida?"

Mai ɗinki ta kalli kumatun nan, ta tuna bakin Gwaggo, ta ce, "Ko ɗaya, likita."

Ya ba ta maganin ɗigawa. Ta dawo gida tana ɗiga na likita da safe, tana jiƙa nata da yamma, gaba tana ɗinki baya tana warwarewa. Abin ya gangara maƙogwaro, ko ruwa Auta ta haɗiya sai ta yi kuka. Uwar ta riƙa taɓa goshinta tana lallashin kanta, ai jikin ba zafi. Rannan yarinyar ta yanke jiki ta faɗi a bakin shago, aka kwashe ta sai asibiti.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce, "Cutar ta shiga jini. Zazzaɓi alamar jiki na yaƙi ne, nata sojojin kuwa an sa su barci. Baiwar Allah, me kika ba yarinyar nan?"

Mai ɗinki ta ciro ƙwayoyin daga jaka. Ya juya su a tafinsa ya ce, "Su ne. Suna kumbura fuska, suna danne garkuwar jiki. Da kin faɗa tun farko! Za mu yi iya ƙoƙarinmu, amma magani taimako kawai yake yi, ƙodarta kuma ta fara gazawa."

Da yamma Gwaggo ta zo dubiya. Ta tsaya kan Auta, ga robar ƙarin ruwa a hannu, ta shafa kumatun ta ce, "Ikon Allah! Yarinya ɓul-ɓul haka, ina cuta ta samu hanyar shiga?"

Mai ɗinki ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Baƙin ciki ya ci ta, don ta san hanyar, ita ta buɗe ta. Auta ba ta tashi daga gadon nan ba.

Jama'a, lafiya ba a kumatu take ba. Allah Ya sa mana masu tsaro a jiki, kada bakin mutane ya sa mu kwance musu ɗamara da maganin da likita bai rubuta ba. In kuma an riga an yi kuskure, a gaya wa likita gaskiya tun da wuri, don kunyar yini ɗaya ta fi nadamar har abada sauƙi.