Saƙonnin Inna da Ba Su Taɓa Isa Ba

Akwai wani matashi da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Sarkin Haƙuri. Aikinsa amsa kiran kwastomomi a wani kamfanin intanet. Daga safe zuwa yamma yana zaune a ɗan lungunsa, abin sauraro maƙale a kunne, jama'a suna juye masa kwandon masifa. Wannan datarsa ta ƙare ba ta kwana biyu ba, waccan ta manta lambar sirrinta kuma wai laifinsa ne. Shi kuwa sai ya kwantar da murya ya ce, "Yi haƙuri ranka ya daɗe, mu bi abin a hankali."

Sau biyu ana liƙa hotonsa a bangon ofis saboda iya mu'amala. Sai dai kun san halinmu. Inuwar giginya, na nesa ka sha.

A gida sunansa Auta. Cikin 'ya'ya uku da mahaifiyarsa ta haifa shi ne na ƙarshe, shi kaɗai kuma Allah ya bar mata. Inna tsohuwar tela ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune ita kaɗai a wani gari mai nisan tafiyar yini guda daga inda yake aiki. Ba ta yi boko ba. Ɗinkin ma ba wanda ya koya mata da baki, hannun masu yi take kallo ta kwaikwaya. Idan ta ga abu sau ɗaya ya zauna.

Laifin Inna a wurin Auta ɗaya ne: kira a lokacin aiki. Yana tsaka da lallashin kwastoma sai wayarsa ta hau rawa a kan tebur, in ya ɗaga kuma ba wata magana ba ce, "Auta, ka ci abinci?"

Da ya je hutu sai ya kai mata sabuwar waya ta shafawa. Bai samu zama ya koya mata ba sai ranar komawa, jaka a kafaɗa, mai mota yana ta danna oda a waje.

"Inna, daga yau ki daina kirana ina wurin aiki. Kin ga wannan ɗan hoton? Ki danne shi, ki yi magana, ni zan saurara in na tashi."

Ya danne, ya ce, "Gwaji, gwaji." Da yake ba ya son shirmen ya shiga wayarsa, sai ya ja yatsansa gefe ya goge. Ko a ransa bai kawo ba.

"Sake nuna min sau ɗaya," in ji Inna.

"Haba Inna, wannan fa ba karatun likita ba ne. Ko yaron goye ya iya. Zan makara."

Ta ce, "To, Allah ya tsare hanya."

Inna ta kalli hannunsa da kyau, kamar yadda ta saba. A danne, a yi magana, a ja gefe. Haka ta haddace.

Tun daga washegari, kullum in ta gama shara ta sha shayinta, sai ta zauna a kujerar da ke gaban tsohon kekenta na ɗinki. Ta gyara ɗankwali kamar yana ganinta, ta danne wurin, ta fara: "Auta, ka ci abinci?" Daga nan sai labari. Famfon banɗaki yana ɗiga. Kyanwa ta haihu a cikin kwandon ƙyallaye. Ta yi mafarkin babansa. In ta gama sai ta ja yatsa gefe, wayar ta ɗan girgiza a hannunta, ta ce, "Ya tafi."

Idonta ya riga ya fara hazo, ba ta ganin ɗan kwandon sharar da ke haɗiye maganarta.

Sai ta ajiye wayar a kan keken, ta jira amsa. Ta jira har rana ta bar tagar gabas ta koma ta yamma. In wayar ta yi ƙara ta miƙe da sauri, ta kai wa maƙwabciyarta, wata malamar makaranta mai ritaya, ta karanta mata. Kullum saƙon talla ne.

"Auta kuwa yana amsa miki?" Malama ta taɓa tambayarta.

"Yana amsawa mana. Aiki ne ya yi masa yawa."

Uwa ke nan. Ta gwammace ta haɗiye abin da a ce ɗanta ba ya kula ta.

Can kuma a birni, Auta ma ba daɗi yake ji ba. Ɗaki ɗaya yake haya a bene na uku, katifa, tebur, da fanka mai kukan tsufa. Yana da abokai dubu biyu da ɗoriya a intanet, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yana magana da mutum tamanin a yini, babu ko ɗaya da ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wannan. Da safe yana cikin motar zuwa aiki, in ya buɗe shafin hirarsu, sai ya ga an rubuta a sama cewa Inna tana ɗaukar murya. Ya zuba ido, zuciyarsa na ɗoki. Minti uku, minti biyar. Sai rubutun ya ɓace, babu abin da ya shigo.

Ya ce a ransa, "Wato fushi take yi. Ta fara magana ta fasa. Don na ce ta daina kirana? To in ta huce ta turo."

Wallahi girman kai ba ya son a kira shi da sunansa, kullum da rigar "ni aka yi wa laifi" yake fita.

Yana kiranta ranar hutun mako, amma gaisuwa ce ta baƙi. "Kina lafiya?" "Lafiya lau." Ita tana jira ya taɓo abin da ta faɗa masa, shi yana jira ta faɗi abin da take gogewa. Kowa ya riƙe nasa. Kiran ya koma minti biyu, ya koma sau biyu a wata.

A wata na biyu ne ciwon kai ya matsa wa Inna, ta je asibiti. Likita ya ce ruwan idonta ya hau, sai an yi aiki da wuri, kuma ta zo da wanda zai kula da ita bayan aikin. Ta dawo gida ta zauna a gaban keken.

"Auta, ka ci abinci? Likita ya ce za a yi min aiki a ido ranar goma ga wata. Ni dai tsoro nake ji. Ka zo ka riƙe min hannu."

Ta ja yatsa gefe.

Ranar goma ta zo, Auta bai zo ba. Ta ce wa likita a ɗaga, ɗanta yana hanya. Aka sa wata rana, ta sake faɗa wa Auta ta wayar, ta sake ɗagawa. Ba ta kira shi ba, domin ya ce kada ta kira. Da ya kira da kansa kuma bai tayar da zancen ba, sai ta ɗauka ya ji, ba ya son zuwa ne. Me za ta ƙara?

Wata rana da hantsi wani dattijo ya kira layin Auta a ofis, ya kasa haɗa wayarsa da intanet. Minti arba'in Auta yana binsa daki-daki. "A'a Baba, ba wannan ba, na ƙasansa. Babu komai, mu sake." Da abin ya yi, dattijon ya yi ta sa albarka.

"Yaro, mahaifiyarka ta yi dacen ɗa. Wanda ya yi wa baƙo haka, ina ga uwarsa."

Auta ya ce amin, amma maganar ta tsaya masa a rai. Bai gama juya ta ba wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Auta ne? Malama ce, maƙwabciyar Innarka. Jiya aka yi mata aikin ido, ni na kai ta da na ga tana laluben bango. Ba ta so in kira ka ba. Ni dai na ce ko ba ka da lokaci, ka san halin da ake ciki."

"Aikin ido? Wane aikin ido?"

"Kai za a tambaya. Ta ce ta faɗa maka ya fi sau bakwai."

Washegari da la'asar yana gida. Ya tarar da Inna a gefen gado, an rufe mata ido ɗaya da auduga. Malama ta ja shi gefe ta faɗa masa abin da likita ya ce: na dama an ceto shi, na hagu an makara. Da an zo ranar farko, da wata maganar ake yi.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Na faɗa maka, Auta. Kullum ina faɗa maka."

"Wallahi ko ɗaya bai zo ba. Ga wayata, duba." Ya miƙa mata, sannan ya tuna ba ta iya dubawa. "To nuna min yadda kike yi."

Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin filo. Ta danne daidai wurin, ba kuskure. Ta ce, "Gwaji, gwaji." Ta ja yatsa gefe.

Auta ya ga kwandon ya buɗe baki ya rufe.

"Inna, wa ya ce ki ja gefe?"

"Kai mana. Haka ka yi. Na kalli hannunka da kyau, don kada in sake tambayarka ka yi fushi."

Nan ya zauna daɓas a ƙasa. Wata huɗu. Kowace safiya da ya ga tana ɗaukar murya yana ƙullatar ta, ashe hira take yi da shi. Sarkin Haƙuri ya kifa kai a gwiwar uwarsa ya yi kuka irin na yara.

Ita ce ma take lallashinsa. "Ashe ba share ni ka yi ba. To alhamdu lillahi. Idon ai na ga duniya da shi ya isa, wancan zaton ne ya fi yi min ciwo."

Da ya natsu ya ce, "Faɗa min duk abin da kika ce. Daga farko."

"Wata huɗu fa, Auta. Na manta fiye da rabi. 'Ya'yan kyanwar ma sun girma sun watse."

Ya jawo kujerar keken ya zauna kusa da ita, ya riƙe yatsanta a nasa. A danne, a yi magana, a ɗaga. Sau shida ta ce ya sake, sau shida ya sake. A na bakwai ta janye hannunta ta ce ya bari ta gwada. Ta gyara ɗankwali, ta juya masa baya kamar yana can nesa, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ɗaga yatsa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya danna, muryarta ta cika ɗakin.

"Auta, ka ci abinci?"

Darasi: Haƙurin da kake raba wa baƙi a waje, iyayenka sun fi kowa haƙƙi a kansa. Wadda ta koya maka riƙe cokali ba ta ƙosa ba, kada ka ƙosa don ta ce ka sake nuna mata waya. Kuma idan ka ji shiru daga naka, kada ka fassara shirun da kanka, ɗaga waya ka tambaya. Minti biyu da Auta ya hana, ido guda suka ci. Ku tura wa duk wanda ya saya wa iyayensa waya bai zauna ya koya musu ba, amma kafin ku tura, ku fara kiran naku.