Kwali Mai Surutu

Alhaji Ɗan'azumi, babban dilan kofunan tangaran, ya kafa wa 'yan sari doka: ba ya karɓar kayan da aka dawo da su sai kwalin yana liƙe, kuma sai ya ga fashewar da idonsa.

Lantana mai kwanuka ta girgiza kwalin da ta saro, ta ji kacau-kacau. Ta ɗauko shi ta dire a gabansa, shago cike da jama'a.

"Alhaji, kayanka a fashe suke."

"Nuna mini."

"Buɗe ka gani."

Ya yi dariya. "Ni in buɗe? Allah ya kiyaye! Lafiyarsu ƙalau, Hajiya."

"Ka tabbata?"

"Wallahi! Kayana ba sa fashewa."

"To madalla, jama'a kun ji. Tunda lafiyarsu ƙalau, riƙe wannan ka sayar, ka ba ni wancan na bayanka. Ai duk ɗaya ne."

Lantana ta jawo sabon kwali, ta girgiza shi a kunnen Alhaji, shiru.

"Ni beben nake so, Alhaji. Mai surutun ya taya ka hira."