Rantsuwar Ranau a Gindin Maɗaci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

A zamanin da giwaye ke kiwo a inda kasuwanni suke ci yanzu, an yi wani maharbi mai suna Ranau. Kirarinsa shi ne: Dogo na Tarana, mai kibiya ɗaya, ɓauna ta ji ƙanshinka ta sake hanya. An ce ko busasshen ganye ya taka ba ya ƙara. Tarana kuwa yayarsa ce, ita ke ajiye irin geron danginsu.

Wata shekara bayan kaka rijiyar garinsu ta ƙafe, Ranau ya ja gida bakwai suka yi kudu. Kwana goma sha tara suna tafiya, suka iske wata fadama mai baƙar ƙasa, ruwa kusa, ga ƙaton maɗaci a tsakiya. Ranau ya ɗaga gatari zai fara sara, sai ɗanyen ganye ya faɗo masa a ka. Ya duba sama ya ga sheƙar gaggafa, faɗinta ya kai tabarma. Macen na kwance a kan ƙwai ɗaya tak, namijin yana shimfiɗa mata ganye.

A dokar maharba ba a sara, ba a hura wuta kusa da mai kwanci. Nan take Ranau ya lashi bakin kibiyarsa, ya rantse ba mai taɓa fadamar sai sheƙar ta zama kango.

"Kwana nawa ke nan?" in ji Tarana.

"Yaya, tsuntsu ne fa. Zabuwa ma wata guda take yi."

"Ka taɓa ganin zabuwa a can sama?"

Suka koma kan wani tudu mai tsakuwa suka kafa bukkoki. Wata ya cika, macen ba ta motsa ba. Sai da ta kusa wata biyu ta ƙyanƙyashe. Ɗan kuma ya zauna ya buɗe baki, uba ya kawo maciji, uwa ta kawo zomo. Bazara ta shigo, hatsin ci ya ƙare, mutane suka fara kallon tukunyar iri. Tarana ta ɗora tabarmarta a kan tukunyar, ba ta tashi sai da dalili.

Kullum Ranau na gindin maɗaci yana faɗa. "Kai, wannan ƙato, ka kai uwarka girma, har yanzu a baki ake ba ka? Ni ina kamarka na kashe gada."

Bayan wata huɗu ɗan ya tashi. Ranau ya wasa gatari. Kafin rana ta yi tsaka ɗan ya dawo sheƙa yana kukan abinci, iyayen kuma suka kawo. Haka ya yi ta yi har hadari ya haɗu a gabas.

"Ƙanena," in ji Tarana, "ko ka karya rantsuwa ko mu rasa damina. Karyawa kuwa na san ba za ka yi ba. Matsa in wuce."

Ta shuka irin a cikin tsakuwa, ta sa maza haƙar rijiya a kan tudun. Sai da suka haƙa zurfin gaba ashirin suka ga ruwa. Geron ya yi, ba yabo ba fallasa.

Da ɗan gaggafar ya tafi gaba ɗaya, Ranau ya sauka fadama da murna. Ya tarar iyayen sun gyara sheƙa, sun ƙara mata itace, macen ta koma kwanci. Ashe gaggafa ba ta sake miji, ba ta sake gida. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "To, ku ci fadamarku." Ya hau tudu ya yi ɗakin ƙasa.

Garin da ke kan tudun shi ake kira Zangon Jira. Har yau fadamar ba ta san fartanya ba, gaggafa na nan a kan maɗaci. Matan garin kuwa, in suna jan igiyar rijiyar nan mai tsawo har tafinsu ya yi ja, za ka ji suna cewa, "Sannu da aiki, Ranau."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, yadda manya suka ba ni haka na ba ku.