Uwar da Ba Ta Yi Kuka Ba

Akwai wani saurayi a Tarauni mai suna Murtala, ɗalibi ne a wata kwaleji, yana shekararsa ta ƙarshe. Binciken da ya zaɓa na kammala karatu a kan abin da jiki ke faɗa ne idan baki ya yi shiru: kallo, yanayin zama, motsin hannu, ɗaurewar fuska da sakinta.

Abin ya shiga ransa ƙwarai. Ya karanta cewa ko mutum ya kai gwani wajen ɓoye abin da ke cikinsa, akwai ɗan motsi da kan gilma a fuskarsa kamar ƙiftawar ido, ya tona shi. Tun daga nan zama kusa da Murtala ya zama aiki. Ka sosa hanci, ya ce ƙarya kake. Ka harɗe hannu a ƙirji, ya ce akwai abin da kake ɓoyewa.

Malaminsa ya taɓa ja masa kunne. Ya ce, "Murtala, alama ɗaya ba ta yanke hukunci. Abin da yake raini a wani gari, ladabi ne a wani." Ya amsa da to, amma maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Su biyu ne a wurin mahaifiyarsu, Inna Ladi, tun rasuwar mahaifinsu. Yayansa Garba direban A Daidaita Sahu ne, yana tsayawa a mahaɗar Gyadi-Gyadi. Shi kaɗai ne karatun Murtala bai taɓa ba wa haushi ba. In ya dawo da yamma ya ajiye mashin, sai ya buɗe hannuwa ya ce, "To Farfesa, karanta ni."

"Yunwa kake ji."

"Wannan ai ko akuyar maƙwabta ta sani. A mayar mana da kuɗin makaranta."

Garba ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar ƙauye ce ta asali, mai alkunya. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanku". In ya durƙusa gaishe ta daga bakin ƙofa, takan amsa tana kallon tukunya. Murtala ya san al'ada ce. Amma a ransa yana cewa al'ada baki take ɗaurewa, ba ta iya ɗaure fuska.

Sai ga zazzaɓi. Kwana huɗu kacal Garba ya yi a kwance, ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Jama'a, wanda bai taɓa rasa ɗan'uwa ba, ba zai gane ba. Gida yana nan yadda yake, buta tana inda take, amma kamar an cire wa komai gishiri.

Da aka gama haɗa shi, aka kira Inna ta zo ta yi masa addu'a. Ba ta taso ba. Daga inda take zaune ta ce, "Ku tafi da shi. Na yafe masa duniya da lahira." Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Murtala yana kuka, amma idonsa yana kanta. Kwana uku na zaman makoki, duk shigowar da zai yi cikin gida fuskarta yake dubawa. Mata suna shigowa da salati da hawaye, ita tana amsa musu, "Haƙuri da godiya," tana tambayar ko an kai wa maza ruwa a waje. In aka ambaci sunan Garba, sai ta kawar da kai. Ya nemi ɗan motsin nan da littafi ya ce ba ya ɓuya. Ya nema a gira, ya nema a leɓe, bai gani ba.

Ranar kwana goma ya kasa daurewa. Ya same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa.

"Inna, ko sau ɗaya ba za ki kira sunansa ba?"

"Ruwan wankanka yana hucewa."

"Ya rasu fa, Inna. Kunyar ta mece ce kuma? Shekara nawa yana shan rana a titi saboda ni da ke. Wallahi na karanci fuskokin mutane ba adadi, kowa akwai abin da ke fita. Taki babu komai a ciki."

Hannunta bai daina tsintar ba.

Daga ranar ya daina cin abincinta. Ta ajiye kwano a ƙofar ɗakinsa, ta dawo ta ɗauke shi a rufe. Bayan kwana uku ya haɗa kayansa a jaka, ya ce mata zai koma ɗakin wani abokinsa a Unguwa Uku, ba zai iya zama inda aka manta da Garba tun kabarinsa bai bushe ba.

Ta ce, "Allah ya tsare."

Ya ce a ransa, ka gani ko.

Yana fitowa da jakar sai ya yi kiciɓis da Mama Rifkatu, maƙwabciyarsu da katanga ɗaya ta raba su. Tsohuwar malamar firamare ce 'yar Kagoro, ta fi shekara ashirin a layin, kuma ita ta koyar da shi a aji biyu.

"Ina zuwa da jaka kamar wanda aka kora?"

"Ba kora ba ce, Mama. Tafiya zan yi."

"Na ji ai. Katangar nan ba ta riƙe sirri. Kai ne mai karatun fuska ko? Kai da na sha fama da kai kafin ka bambanta biyu da biyar."

"Mama, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, ɗana." Ta sauke murya. "Ranar da yarona Timothy ya rasu, kana ƙarami, na yi birgima a ƙasan nan har zanina ya yage. Mu haka muke yi, a fito da shi kowa ya ji. Uwarka ce ta riƙe ni. Yanzu kana so ka ce min na fi ta son ɗa, don ni na yi ihu?"

Ta dubi jakar da ke hannunsa, ta ci gaba.

"Ka taɓa tambayar kanka inda take sayo kayan miya?"

"Kasuwar Tarauni mana, ga ta nan kusa."

Mama Rifkatu ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Kawo jakar nan. Bayan la'asar ka je mahaɗar Gyadi-Gyadi, ka nemi Malam Tanko mai tumatir, ka ce ni na aiko ka. In ka dawo kana nan a kan bakanka, ni da kaina zan tare maka abin hawa."

Don kunyarta kawai ya je.

Teburin Malam Tanko yana gefen titi, daura da inda 'yan A Daidaita ke jerawa suna kiran fasinja. Dattijo ne mai furfura a gemu. Tun kafin Murtala ya gama sallama ya ce, "Kai ƙanin Garba ne. Kunnuwanku ɗaya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Ya turo masa benci. Da ya ji wadda ta aiko shi, sai ya jinjina kai.

"Shekara shida ke nan tsohuwarku tana zuwa nan kullum bayan la'asar. A ƙafa. Kada ka ce tumatirina ya fi na Tarauni, wallahi wata rana ni kaina kunyarsa nake ji. Ba shi ke kawo ta ba."

"To me ke kawo ta?"

"Nan take tsayawa." Ya nuna gaban teburin. "Ta juya wa masu mashin baya, ko waiwaye ba ta yi. Ta ɗauki tumatir ta juya shi, ta ajiye, ta ɗauki wani. Da farko na ɗauka tsabar tsantseni ne, har ina jin haushi. Sai daga baya na lura ba ta cewa a ƙulla mata sai ta ji muryarsa yana kiran fasinja. In ya tafi kai mutane, haka za ta yi ta zaɓe har ya dawo."

Murtala ya ce, "Shi ya sani?"

"Ya sani mana! In ya hango mayafinta, ko mashin ɗinsa cike yake, sai ka ji ya ɗaga murya, Hotoro, Hotoro, saura mutum ɗaya! Fasinja su hau shi da faɗa, malam a kanmu za ka ɗora shi? Shi yana ta dariya. Ita kuma sai ta gyara mayafinta a kafaɗa. Da ya ga haka sai ya ja mashin ya tafi. Gaisuwarsu ke nan. Ban taɓa jin sun yi wa juna kalma ɗaya a wurin nan ba."

Dattijon ya goge ido da gefen rigarsa.

"Kwana biyar da rasuwar sai ga ta. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta fara zaɓe. Tun ranar ba ta fasa zuwa ba. Yaro, jiya sai da ta taɓa kowane tumatir a tiren nan. Ni kuma na kasa ce mata komai. Ga ta can ma tafe, matsa daga baya."

Murtala ya koma bayan wata rumfa. Ya ga Inna ta ratso ta gefen kwalbati a hankali, ta tsaya inda aka nuna masa. Daga nan ba ya ganin fuskarta, bayanta kawai yake gani. Sai yau ya lura mayafin ya yi mata yawa.

Wani direba ya ƙwala kira, "Unguwa Uku!" Hannunta ya tsaya cak a kan tire. Kafaɗunta suka ɗaga kaɗan, suka jira. Sannan suka sauka, ta ɗauki wani tumatir.

Wani ya kira Hotoro. Hannun ya sake tsayawa, wannan karon ya daɗe. Ta ɗan karkata kai kamar mai sauraron ruwan sama daga nesa. Sannan kafaɗun suka sake sauka.

Sau bakwai yana gani. A na takwas ƙafafunsa suka kai shi gabanta ba tare da ya yi shawara da su ba. Ya durƙusa a nan bakin titi, cikin ɓawon albasa.

"Inna, ki yafe mini."

Ba ta firgita ba, kamar ta san yana wurin. "Tashi, mutane na kallo."

"Inna, na faɗa miki maganar da..."

"Na ce ka tashi."

Ya miƙe, hawaye na zuba. Ta miƙa wa Malam Tanko tumatir huɗu ya ƙulla, ta ba Murtala ledar ya riƙe. Suka kama hanyar gida, tana gaba yana biye.

Sai da suka bar hayaniyar mahaɗar, suka shiga layin da babu kowa, ta rage sauri har ya iso gefenta. Ba ta dube shi ba. Ta ce, a hankali, kamar da ƙasa take magana, "Duk cikinsu babu mai irin muryarsa."

Sannan ta kama hannun rigarsa. Riƙon da ta yi masa, sai da ya ji farcenta ta cikin yadi. Haka suka yi tafiya har kwanar gidansu ba ta saki ba.

A ƙofar gida ta tsaya ta ce, "Ina jakar taka?"

"Tana wajen Mama Rifkatu."

"Je ka ɗauko kafin magariba. Ba a barin kaya su kwana a gidan mutane."

Ya je ya ɗauko. Mama Rifkatu ta dube shi ta miƙo masa jakar. Washegari bayan la'asar, da Inna ta ɗauki mayafi, ta tarar da shi a zaure ya riga ya sa takalmi.

Darasi: Kada ka auna zuciyar mutum da abin da ka iya gani a fuskarsa. Ilimin karanta jiki ilimi ne, amma kowane gida da irin harshensa, kuma ba ka fahimtar shirun mutum sai ka san shi, ka san inda ya fito. Wani da kuka yake nuna ciwonsa, wani da tafiyar da ba wanda ya san dalilinta. Kafin ka yanke wa iyayenka ko waninsu hukunci, ka yi haƙuri ka tambaya. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai fushi da mahaifiyarsa a yau saboda abin da bai gane ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na baya haƙuri.