Sunan Ɗan Mudi

Ku matso ku ji, amma duk wanda ya saurara sai ya yanke hukunci kafin ya tashi.

Haladu matuƙin jirgin feshi ne, irin ƙananan nan da ake kashe tsuntsayen jan-baki da su a gonakin shinkafa. Ga iya aiki, ga baki. Kullum a gindin darbejiyar filin jirginsu sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ni ko ku ɗaure mini ido da rawani, sai na kai jirgi bakin titin tashi ban taka ko kiyashi ba."

To shi irin wannan jirgi, in yana tafiya a ƙasa hancinsa a sama yake, matuƙi ba ya ganin gabansa. Shi ya sa ake karkata dama, a karkata hagu, ana leƙe ta gefe. Haladu ya ce wannan tafiyar mashaya ce, ya bar wa 'yan koyo.

Ran nan da hantsi ya miƙe sambal. Ashe amininsa Mudi na tsaye a gaba cikin nasa jirgin, yana jiran a ba shi hanya. Farfelar Haladu ta cinye wutsiyar jirgin, ta bi ciki har kujerar Mudi. Mai ya tsiyaye, wuta ta kama.

Tanimu makanike ne ya faɗa cikin wutar, ya yanke bel, ya jawo Mudi waje. Hannayensa biyu suka ƙone, har yau ba ya riƙe sifana.

Isiyaku mai gadi, tsohon soja, ya ga jini na tsartuwa daga cinyar Mudi. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure, ya sa sanda ya murɗa, bai saki ba har asibiti. Likita ya ce da an ƙara minti biyar, sai dai gawa.

Asibitin kuwa a birni yake, ga ruwa ya cinye gada. Jirgi ɗaya ya rage, matuƙi ɗaya ya rage. Haladu, goshi a fashe, ya tashi da su cikin hadarin da ko shaho bai shiga ba, ya sauke su lafiya.

Mudi ya rayu, amma an yanke ƙafar. Tuƙi ya ƙare.

Bayan wata biyu matarsa ta haifi namiji, ɗan fari bayan shekara tara. Ranar suna, daga kan keken guragu, ya ce wa liman, "Malam, sunan wanda ya ceci raina za a sa."

Haladu ya gyara zama. "Ai da ma birki ne ya ci amanata. Amma wa ya kai ka birni?"

Tanimu ya ɗaga hannayensa da suka ƙanƙance. "Kyaftin, da waɗannan na gyara birkin da safiyar ranar. Sawun tayarka kowa ya gani, miƙe kamar an ja zare."

Haladu ya sunkuyar da kai, sai hawaye a kan babbar rigarsa. Mudi ma ya kau da kai yana share nasa.

Ga rago a ɗaure, ga wuƙa a hannun liman. Ba don Tanimu ba da ya ƙone, ba don Isiyaku ba da jini ya ƙare, ba don Haladu ba da bai ga likita ba, amma ba don Haladun ba da yana tsaye da ƙafarsa. To, jama'a, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?