Alhajin da Bai Ƙetare Teku Ba

Ya 'yan uwa, a nan ƙasar tamu ta Gwandu, ƙasar da muke tinƙaho da malamanta, an yi wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, danginsa suna da rai. Karatu kam ya yi shi. In ka tashe shi daga barci zai lissafo maka shika-shikan Musulunci biyar da na imani shida. Sai dai fa girman kai, abin ba a magana.

Wata shekara bayan an yi girbi ya bi ayarin masu zuwa Makka da ƙafa. Ana gobe za su tashi, wata tsohuwar Bafulatana ta Kambaza, Inno Hajjo, ta zo da ƙunshi. Likkafaninta ne. Ita ta kaɗa zaren da hannunta, rani uku, ta kai masaƙa. Ta roƙe shi ya tsoma mata shi a ruwan Zamzam, tun da ƙafarta ba za ta kai ta ba. Ya karɓa, ya ce an gama.

Ya kai Sudan, ya yi shekara uku yana aiki a gonakin auduga. Da ya tara guzuri ya isa bakin teku. Ya dubi ruwa ba iyaka, ya dubi ɗan jirgin da za a cusa su ciki, sai ya fasa shiga. Tsoro ba laifi ba ne, jama'a. Wanda bai sami iko ba, Allah bai ɗora masa ba. Da a ce ya dawo ya ce bai isa Makka ba, wa zai kama shi?

Amma ina! Shi da ya fita ana yi masa rakiya har bayan gari? Ya sayi makawiya irin wadda alhazai ke sawa a ka a kasuwa, ya tsoma likkafanin tsohuwa a ruwan da ake ba auduga, ya shanya, ya naɗe, ya juyo gida.

Ai kuwa aka tarye shi. Kwana arba'in ƙofar gidansa ba masaka tsinke, kowa na neman addu'ar Alhaji. Inno Hajjo ta rungume ƙunshinta tana kuka don murna. Shi ko gezau.

Damina biyu ta wuce, sai ga Adamu, wani manomi na Kalgo, ya dawo. Tare suka tsinci auduga, tare suka tsaya a bakin tekun nan, kuma Adamu ya shiga jirgi ya bar shi a tsaye. Adamu mai kunya ne, bai faɗa wa kowa ba. Ya same shi shi kaɗai, ya ce ya zo da Zamzam na gaskiya a gwangwani, su je tare wurin tsohuwa, ya faɗa mata gaskiya, su jiƙa mata likkafaninta, magana ta mutu tsakanin su uku.

Wace ƙofar tuba ce ta fi wannan faɗi? Amma mutumin nan ya ɗaure fuska, ya ce bai san da wannan zance ba.

To, Adamu yakan zo Gwandu sallar Juma'a, sai mutuminku ya daina zuwa Juma'a. Daga nan ya fara jin kamar kowa a sahu kallon sa yake yi, ya daina jam'i. Da ya koma salla a ɗaki, inda ba mai ce masa Alhaji, sai ta yi masa nauyi, ya riƙa yi yana bari. Kun gani? Wajen tsaron rukunin da bai yi ba, ya saki wanda yake hannunsa.

Da Inno Hajjo ta kwanta ciwo, Adamu ya kasa haƙuri. Ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi Kambaza, ya gaya mata komai, ya jiƙa mata likkafani. Ta sa aka kira mutumin. Ya zo da makawiyarsa a ka, 'ya'yanta na zaune. Ba ta zage shi ba. Ta dube shi ta ce:

"Ni kam, Wanda nay yi ma kaɗin nan ya gan ni. Kai fa, ɗana, wa kay yi ma tafiya?"

Ko a nan da ya durƙusa ya ce ta yafe masa, wallahi da ta yafe. Sai ya kaɗe riga ya fita.

Kafin sati labari ya game gari. Ya bar gona da iyali ya yi kudu, ya faɗa wani gari a bakin Kwara yana dako a kasuwa. Shekara huɗu ba wanda ya taɓa ganin goshinsa a ƙasa. Ranar da ya faɗi ya mutu, Musulmin garin suka taru a kansa suna tambayar juna ko nasu ne. Aka rasa mutum ɗaya da zai shaida. Aka gina rami aka rufe shi, ba wanka, ba salla. Wani falke na garinmu ne ya iske zancen daga baya, ya kawo mana.

Ya 'yan uwa, Musulunci aikin gaɓoɓi ne, imani yana zuciya, kyautatawa kuwa ita ce ka bauta wa Allah kamar kana ganin sa, in ba ka ganin sa, shi yana ganin ka. Mutumin nan ya haddace wannan tun yana yaro. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba ita ta yi aiki da shi. Mu da muke cewa mu jikokin malamai ne, kowa ya tambayi kansa: sallar da na yi ɗazu, wa na yi wa?

Allah ka tsare mu da girman kai, ka hana mu jin kunyar tuba, ka sa mu cika a inda za a shaide mu. Allah ya kiyaye mu, amin.