Ɗinkin da Ya Hana Jini Wucewa

Akwai wani likita wanda aikinsa haɗa ƙananan jijiyoyin jini ne. Wata rana aka kawo masa wani kafinta mai suna Irimiya, injin yanka katako ya datse masa babban yatsa. Matarsa ta roƙi likitan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, gama in babu wannan yatsa, mijinta ba zai ƙara riƙe guduma ba.

Likitan ya zauna, ya sa ido a madubin da ke girmama abu, ya ɗauki zaren da ya fi gashin kai siranta. Ya haɗa bakin jijiyar biyu, yana ƙullawa da hantsaki a hankali, bai ja da ƙarfi ba, bai kuma bar sako-sako ba. Ƙulli suka jeru ras. Shi kansa ya ji daɗi, gama mutum ne mai son a yabi hannunsa.

Amma da ya cire matsin da ya tare jinin, yatsan bai canza ba, yana nan fari, da sanyi. Sai ya gane allurarsa ta kamo bangon jijiyar na baya, ta ɗinke hanyar daga ciki.

Nas da ke gefensa ta ce, "Likita, ɗinki kam ya yi kyau."

Ya ce, "Ba kyau Irimiya ya zo nema ba. Miƙo mini almakashi."

Da kunya da gajiya ya warware aikinsa, ya sake daga fari. A wannan karo, kafin kowane ƙulli sai ya leƙa ciki. Da ya cire matsin, yatsan ya yi ja, ya ɗauki ɗumi.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Jijiyar nan zumuncin 'yan'uwa ne, jinin kuwa ƙauna ce. Mu nan mun iya ɗinki. Dattawan ikkilisiya su zaunar da mu, mu yi musafaha, a yi addu'a, kowa ya ce madalla. Amma ranar Lahadi, in ka hango ɗan'uwan nan da aka sulhunta ku a ƙofar coci, sai ka tsaya gyaran takalmi har ya wuce. Ubangiji ba ƙullin waje yake dubawa ba. Kada ka ji kunyar warware sulhun da mutane suka yaba. Je ka same shi yau, ku sake daga fari, tun yatsan bai mutu ba.